Kundin Aikin Gyaran Benen Gidanmu na Cikin Birnin Kano

9 ga Nuwamba, 2024

Yau aka kammala maganar izini tsakanina da sauran magada, saboda haka daga yanzu zan riƙa rubuta yadda aikin gyaran benen yake tafiya, domin 'yan'uwa da ke nesa su san inda aka kwana, kuma domin wanda yake riƙe da irin wannan tsohon gini ya ga abin da aikin ya ƙunsa. Sashen da ake magana a kai ƙarami ne, ɗakuna biyu da ɗan fili a gabansu, a saman soron ciki na gidanmu na gado, wanda yake cikin wani lungu ba nisa da Kasuwar Kurmi da kwarin Jakara. Babban ɗakin tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, ƙaramin bai kai haka ba, kuma matakala ce ta ƙasa mai lanƙwasa take kai mutum can daga tsakar gida. A bakin dattawan gidan, kakan mahaifinmu ne ya gina shi da ribar fataucin goro zuwa Gwanja, tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Da aka raba gado benen ya faɗo a kason mahaifinmu, kuma tun rasuwarsa babu mai kwana a ciki sai tarkace.

Abin da ya sa maganar izini ta ɗauki lokaci shi ne, a irin wannan gini babu wanda yake da sashensa shi kaɗai. Daɓen ɗakina shi ne rufin ɗakin Gwaggo da ke ƙasa, bango ɗaya mun haɗa shi da maƙwabta, indararon da ke zubar da ruwan rufina kuma a lungun jama'a yake zubarwa. An rubuta takarda a gaban mai unguwa cewa ba za a ƙara tsayin ginin ba, ba za a buɗe tagar da za ta leƙa gidan kowa ba, kuma duk ɓarnar da aikin ya jawo a ƙasa ni zan gyara. Gidan ba ya cikin gine-ginen da hukuma take kula da su, irin su Gidan Makama da ke hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Gidajen talakawa irin namu, komai tsufansu, nauyinsu yana wuyan magada ne, kuma ko su gyara ko su rushe su zuba bulo, babu mai tambayarsu.

Na samu wani dattijon magini wanda ya gaji sana'ar ginin ƙasa, shi da yaransa. Ya zagaya sashen bai ce komai ba, yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar cokalinsa yana saurare.

23 ga Nuwamba, 2024

An fara da ɓamɓare simintin da aka yaɓa wa bangon waje, wanda aka yi tun zamanin da kowa a cikin birni yake ganin siminti ne maganin yaɓen shekara-shekara. Daga nesa bangon lafiya lau yake, sai 'yan tsage-tsage marasa faɗi. Amma inda Baba magini ya ƙwanƙwasa, maimakon amo mai nauyi sai a ji ƙara ta holoƙo, kuma da yaro ya sa kurfi ya ɗan taɓa, sai wani falle mai girman tabarma ya ɓallo gaba ɗaya ya faɗo lungu. A bayansa ƙasar bangon ta zama gari mai danshi, har mutum yana iya tura yatsunsa su nutse, ga hanyoyin gara sun yi rassa sun nufi sama, ga wani farin gishiri da ya fito a jikin tubalan ƙasa-ƙasa. Wannan a ƙarshen Nuwamba ke nan, bayan an daɗe da ɗauke ruwa.

Bayanin da ya yi mini ya dace da abin da masana gyaran gine-ginen ƙasa suke faɗa. Siminti ba ya kama jikin ƙasa ya zama abu ɗaya da ita, kuma ba ya motsawa tare da ita idan zafi ya buɗa ta ko sanyi ya tsuke ta, don haka dole ya tsage. Ruwan sama yana shiga ta tsagin, sannan simintin ya hana shi fita, danshin da yake tasowa daga ƙasa shi ma ya rasa hanyar da zai bi ya bushe. Ya ce da ni: "Malam, bangon ƙasa da ka sa masa siminti kamar mutum ne da ya sa rigar leda da rana, ta waje ba ka ganin komai, ta ciki gumi yana cin sa." Abin da ya ƙara dagula lamarin a wurinmu shi ne lungun da kansa ya tashi. Ciko bisa ciko da aka yi ta zubawa tsawon shekaru ya sa yanzu sai an sauka taki guda kafin a shiga zaurenmu, ruwan lungu kuwa gindin bango yake kwantawa.

Wani birkila da Yaya ya turo ya duba, ya ba da shawarar a sauke benen ɗungurungum a tayar da shi da bulo da rodi, a rufa kwano, ya ce cikin wata biyu an gama. Ban raina shawararsa ba, domin ta fuskar saurin aiki gaskiya ya faɗa. Sai dai bangon da zai ɗauki wannan sabon ginin shi ne dai tsohon bangon ƙasa na ɗakin Gwaggo, kuma ɗaki mai rufin kwano a saman bene, a watan Afrilu na Kano, ba wurin kwana ba ne ga wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta ja ta. Bangon da muke da shi kaurinsa a gindi ya haura rabin mita, yana sirancewa zuwa sama, kuma wannan kaurin ne yake riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya yi. Mun tsaya a kan gyaran ƙasa da ƙasa.

7 ga Disamba, 2024

An buɗe rufin babban ɗakin. Kafin a taɓa shi sai da aka kwashe kayan Gwaggo aka mayar da ita ɗakin da ke kusa da zaure, aka kuma tokare rufin ɗakinta da sanduna daga ƙasa, domin kada girgizar aikin ta motsa wani abu. Ba ta so tashin ba, amma ta tashi.

Da aka yanka rufin daga gefe, sai ga shi hawa-hawa, kowane yaɓe da launinsa. Al'adar ita ce duk shekara kafin damina a hau a ƙara yaɓe, kuma ba kowa ne yake kankare tsohon kafin ya ɗora sabo ba. Mun auna abin da ya taru a kan asalin rufin ya kai santimita 15. Lissafin ba shi da wuya: ɗaki mai murabba'in mita 12, idan aka ɗora masa santimita 15 na ƙasa, an ɗora masa kusan tan 3 ke nan, tun kafin ruwan Agusta ya jiƙa ta ta ƙara nauyi. Wannan ne ya sa tsakiyar rufin ya lotsa, da ya lotsa kuma ruwa ya daina gangarawa zuwa indararo ya koma kwanciya a tsakiya, daga nan yoyo ya samo asali.

A ƙarƙashin ƙasar akwai zana da ta riga ta zama toka, sannan azara. Duk wanda bai taɓa ganin rufin soro a buɗe ba, ba zai gane yawan dabarar da ke cikinsa ba. Azara tsagin kututturen giginya ce, mai nauyi da tauri, wadda gara ba ta cika iya mata ba, amma ba ta da tsawo, kuma ba a yarda ta ɗauki kaya a sarari fiye da kimanin mita 2 ba. Tunda ɗakin ya fi haka faɗi, sai magina na farko suka fito da tauyi daga jikin bango, wato azara a jere wadda aka dasa ta leƙo cikin ɗaki, wani jerin bisa wani, kowanne ya ɗara na ƙasansa fitowa, suka kuma gitta wasu a kusurwoyi huɗu, har sararin da ya rage a tsakiya ya zama daidai tsawon azara guda. Babu ƙusa ko ɗaya a ciki.

Baba magini ya bi su ɗai-ɗai da wata tsohuwar wuƙa. Mai lafiya idan ya buge ta tana ƙara tsaf, bakin wuƙar kuma ba ya shiga. Waɗanda suka lalace duk a wuri ɗaya suka lalace, wato kan da yake binne cikin bango ta ɓangaren da aka yi wa siminti. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne za a canja, sauran za a goge su a mayar.

20 ga Disamba, 2024

Samun azara mai kyau ya zama aiki. Sabuwar da ake kawowa kasuwa yawanci daga giginyar da ba ta gama ƙosawa ba ce, fara-fara ce, ba ta da baƙin jijiyar nan mai tauri, kuma Baba magini ya ƙi ta. A ƙarshe tsohuwa muka saya daga wani gida da ake rushewa a wata unguwa ta cikin birni domin a gina shaguna. Abin ya ɗan taɓa mini zuciya, amma azarar ta fi duk wadda muka gani. Mota ba ta shiga lungunmu, saboda haka a bakin titi ake sauke komai, 'yan baro su ƙarasa da shi, inda lungun ya ƙuntata kuma a ɗauka a ka da kwanon sarki. Wanda zai yi aiki a cikin birni ya ware wa dako kasonsa tun farko, domin a wurinmu yana neman ya kamo kuɗin kayan kansu.

11 ga Janairu, 2025

Aikin bango ya kankama. An kawo jan birji daga bayan gari, tunda kududdufan cikin birni da aka haƙi ƙasar gina waɗannan gidaje tun asali yawancinsu an cike su an yi gini a kai, waɗanda suka rage kuma sun zama matattarar ruwan kwata. Ana tankaɗe birjin a cire manyan duwatsu, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin doki, yara su shiga su tattake da ƙafa, sannan a tara kwaɓin a rufe shi a bar shi ya tsima kwana da kwanaki, ana dawowa ana sake jiƙawa ana sake tattakewa. Na tambayi dalilin jiran, ya ce kwaɓin da bai ruɓa ba ba shi da danƙo, kuma duk maginin da ya kwaɓa da safe ya yi gini da rana, gidan wani yake ginawa ba nasa ba.

Inda bangon ya zagwanye ba a cike shi da kwaɓi tsagwaronsa ba. An sassaƙe ruɓaɓɓen har aka tarar da mai ƙarfi, aka jera sababbin tubala da aka mulmula da hannu aka shanya, masu faɗin gindi da tsinin kai, kowanne a tsaye kansa yana sama, kamar yadda aka tarar da na asali. Jeri kaɗan ake yi a tsaya sai ya sha iska. Hunturu yana taimakawa wajen busar da tubali, amma yana gaba da yaɓe, domin yana busar da fuskar tun ciki bai bushe ba, sai ta tsattsage. Saboda haka yaɓen sirara-sirara ake yin sa, da yamma kuma a rataya jiƙaƙƙun buhuna a kai.

Na je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na sake kallon rufinsu da idon wanda yake cikin aiki. A da ado kawai nake gani, yanzu kuwa ina bin kowane bakan gizo, wato ginin da aka lanƙwasa domin ya ɗauki rufi, daga inda ƙafarsa ta tashi a bango har inda ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, ina lissafin inda nauyin yake sauka. Ƙololuwar wannan fasaha tana Zariya, a Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda aka kwaikwayi gininsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ɗakin Gwaggo yana da ɗaurin guga guda ɗaya, bakan gizo biyu da suka gitta juna, kuma shi ne yake ɗauke da benen nan tun daga ranar da aka gina shi.

1 ga Fabrairu, 2025

Wannan makon duk a kan maganar banɗaki ya ƙare. Tun farko burin mai ɗakina shi ne a mayar da rabin ƙaramin ɗakin banɗaki na zamani, da tayil da shawa da tanki a kan rufi, kuma ban ga laifinta ba, domin sauka tsakar gida da dare ta wannan matakala, ga ruwan sama ga ƙaramin yaro, ba abin so ba ne. Mai aikin famfo ya zo ya auna ya ce aiki ne mai sauƙi, zai fasa daɓe ya saukar da bututu ta cikin bango.

Baba magini ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce shi ba zai sa hannu a aikin da aka binne bututun ruwa a cikin bangon ƙasa ba. Hujjarsa ita ce babu haɗin bututun da ba ya ɗiga wata rana, kuma ɗigon da a gidan bulo zai ɓata fenti kawai, a nan kan azara zai sauka, a wurin da ido ba ya gani, sai ranar da rufin ya zauna a kan wanda yake ƙasa. Game da tanki kuwa, mai cin lita 1,000 idan ya cika tan guda ne cur a wuri ɗaya, ga shi mun gama wahalar sauke tan 3 da aka baza a faɗin rufin gaba ɗaya. Gwaggo, wadda take zaune a bakin ƙofa tana jin mu, ta ce da ni: "Kai ɗan nan, ni dai ban hana ku jin daɗinku ba, amma ku tuna ni ce nake kwana a ƙarƙashinku." Daga nan babu wanda ya sake kawo maganar.

Abin da aka tsayar shi ne a gina banɗaki na bulo a kusurwar tsakar gida, dab da gindin matakala, a bar tazara tsakaninsa da tsohon bango yadda iska za ta riƙa ratsawa, tankin kuma ya hau kan ƙafafun ƙarfe nasa na kansa. Za a yi wa matakalar rumfa da abin dafawa. A sama, bututu ɗaya tak zai hau ta waje, a bayyane, zuwa wurin wanke hannu da alwala a ɗan filin gaban ɗakuna, ruwan da aka yi amfani da shi kuma ya sauka ta wani bututun, shi ma a bayyane. Rabin ƙaramin ɗakin zai zama kicin mai murhun gas, ba tare da wurin wanke-wanke ba. A ganina wannan shi ne hukunci mafi muhimmanci a duk aikin, ya fi zaɓen azara da yaɓe, domin yawancin tsofaffin gidajen da na ga sun zube a unguwarmu ruwan cikin gida ne ya fara cin su kafin na sama ya ƙarasa.

15 ga Fabrairu, 2025

Ana kankare fentin mai da aka shafa wa bangon ciki sai aka tarar da alkuki guda biyu da aka toshe, ɗaya har da baƙin hayaƙin fitila a samansa. A saman ƙofar babban ɗakin kuma zayyana ta fito, dagi a tsakiya da layuka masu sarƙa a gefe, an yi ta da yatsa tun yaɓen yana ɗanye. Wani ɓangare ya gutsure, kuma na ce a bar shi yadda yake, a tsayar da abin da ya rage kawai, kada a ƙirƙiro abin da ba mu gani ba. Tagogin ƙanana ne kuma suna can sama. Ba za a faɗaɗa su ba, kafinta zai yi musu firam da raga saboda sauro. Tsohon ƙyauren yana nan da ƙarfinsa, sakata kawai za a canja.

9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, don haka ma'aikata suna farawa da an idar da sallar asuba su tashi kafin rana ta take. An mayar da rufin: azara, sabuwar zana a kanta, sannan ƙasa a hawa biyu, an karkata ta sosai zuwa gabas inda indararo yake. An gyara rawanin da ya kewaye rufin, an sake tayar da zanko biyu da suka karye, wato tsinin ado na saman gini. Indararon an sa mai tsawo wanda zai jefa ruwa tsakiyar lungu, nesa da gindin bango.

Abin da ya rage shi ne laso, wato shafen da yake hana ruwa shiga, kuma haɗa kayansa ya kai ni wuraren da na daɗe ban shiga ba. Katsi daga marina ake samun sa, shi ne abin da yake kwantawa a gindin rijiyar rini, na toka da baba, wanda ake kwashewa a busar a ƙona a daka. Mun samo namu a karofin Ƙofar Mata, inda rijiyoyi da yawa yanzu a bushe suke, wanda ke nufin katsin ma ya yi ƙaranci, domin kayan gini ne da ba ya samuwa sai ana rini. Gashin awaki daga majema aka karɓo shi, da ɗan maiƙonsa, shi ne yake riƙe shafen kada ya tsage. Sai dafara, wata shuka mai yaɗo wadda ake daddakawa a jiƙa ta ba da ruwa mai yauƙi da ake kwaɓa sauran da shi. Haɗin yana da wari, kuma ma'aikatan da suke shafa shi da tafin hannu, da azumi a bakinsu, a saman rufi, sun cancanci fiye da abin da aka yi ciniki da su. Idan ya bushe yana yin toka-toka, yana tauri, amma yana barin bango ya fitar da danshinsa. Shi ma ba na har abada ba ne, bayan 'yan shekaru sai an sabunta.

12 ga Afrilu, 2025

An dawo aiki bayan hutun Ƙaramar Salla, wadda aka yi ranar 30 ga Maris. Mai wayarin ya so ya tsaga bango ya binne waya kamar yadda ya saba, aka ce masa a'a. An bi da wayoyin ta cikin bututun roba a saman bango, aka ɗaure su a jikin 'yan katakai da aka dasa tun yaɓen yana ɗanye, domin ƙusa ba ta zama a bangon ƙasa. Ba zan ce abin ya yi kyau a ido ba, amma duk ranar da wani abu ya lalace za a gan shi a gyara ba tare da an fasa komai ba. Fanka ba a rataye ta a jikin azara ba, ta tsaye za mu yi amfani da ita. Allunan sola biyu an ɗora su a kan rumfar matakala, wadda ta ƙarfe ce, saboda kada a huda lason da aka sha wahalar shafawa.

Da tsakar rana na shiga babban ɗakin na tarar da leburori sun baro inuwar tsakar gida sun dawo ciki sun kwanta, alhali ko fanka ba a kunna ba. An shafe bangon ciki da farar ƙasa, ɗakin ya yi haske fiye da yadda ƙananan tagoginsa za su sa a zata.

4 ga Mayu, 2025

Daɓe aka jira da shi har yanzu saboda makuba, domin sai da zafi ɗorawa take nuna a samu sabon ɓawonta. Ana jiƙa ɓawon ne ya ba da ruwa ja mai duhu, shi ake yayyafawa a kan birji ana bugu, ya sa daɓen ya yi tauri da sheƙi. Na yi niyyar in sa ma'aikata su yi, sai Gwaggo ta ce daɓe ba aikin maza ba ne, kuma a gidan nan ba a taɓa biyan kuɗi an yi shi ba. Ta aika gidaje, matan dangi da na maƙwabta suka taru da maɗaɓansu, ni kuma aka ce nawa shi ne goro da abinci, in kuma bar gidan.

Saboda a bene ake yin sa, Baba magini ya kafa sharaɗi: a baza birjin sirara, a bar sandunan tokare a ɗakin ƙasa, kuma kada mata su wuce biyar a ciki a lokaci guda. Daga zaure ina jin bugun yana tafiya tare da waƙa, idan wasu sun gaji su sauko wasu su hau. 'Yan matan da ba su taɓa riƙe maɗaɓi ba sun fi kowa ɗoki, sun kuma fi kowa saurin ajiyewa. An ci gaba da yayyafa makuba ana sake bugu sassauƙa har daɓen ya daina nuna sawun ƙafa. Yanzu launinsa ja ne mai duhu, yana da santsi, kuma an gargaɗe mu kada a shimfiɗa masa ledar ɗaki, sai dai tabarma ko darduma da za a iya ɗagawa.

22 ga Yuni, 2025

Mun tare bayan Babbar Salla, Gwaggo ma ta koma ɗakinta an cire sandunan tokare. An yi ruwa mai ƙarfi da iska daga gabas, kuma da gari ya waye na hau rufin tare da Baba magini. Babu inda ruwa ya kwanta, lason bai tashi ba sai wani ɗan tsagi a gindin zanko ɗaya, wanda ya cike nan take. Bangon gabas, da yake shi ne yake karɓar dukan ruwa, ya ɗan zaizaye a sama kamar yadda ake tsammani.

Matsalar da ta fito ba a sashena take ba. Indararon yana jefa ruwa nesa yadda aka so, amma kwatar lungun a toshe take, ruwan kuma yana dawowa ya tsaya a gindin bangonmu da na maƙwabta. An yi magana da mai unguwa, gidajen lungun sun amince a haɗa kuɗi a yashe kwatar, mu kuma za mu yi ɗan dakali mai gangare a gindin bango, na birji da tsakuwa.

17 ga Agusta, 2025

Ruwan Agusta ya sauka sosai kuma ɗakunan ba su yi yoyo ba. An yashe kwatar, an yi dakalin, danshin gindin bangon ya ja baya ko da yake bai tafi duka ba. Na ga sabuwar hanyar gara a bayan ƙyauren ƙaramin ɗaki, an kankare ta an bi ta har inda ta fito a gindin matakala an zuba magani. Mun yi yarjejeniya da Baba magini cewa duk shekara idan zafi ya fara zai turo yaro ya duba rufi da indararo, kuma duk yaɓen da za a ƙara sai an kankare tsohon tukuna. Simintin da ya rage a bangon ɗakin Gwaggo ta waje ba za a taɓa shi da damina ba, an bar shi sai Nuwamba, kuma tun yanzu na aika wa Yaya da sauran magada lissafin abin da kowa zai kawo.